Wasiƙa ga aminina kan ƙungiyar da aka ɗora masa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma ji irin nauyin da mutanen unguwarku suka ɗora maka na riƙon ƙungiyar ƙwallonsu. Allah ya taya ka riƙo. Ka ce yara ba sa zuwa atisaye kan lokaci, gwaninku sai ranar wasa ake ganin fuskarsa, in an ci ku kowa ya ɗora wa alƙalin wasa laifi, don haka kana tunanin sallamar rabinsu ka nemo wasu. Don Allah dakata tukuna. Na san kai ɗan Real Madrid ne na a-mutu, amma yau labarin maƙwabtanku Atletico zan tuna maka, ka daure ka karanta.

Ka san halin da ƙungiyar nan ta daɗe a ciki. Jesus Gil, wanda ya shugabance ta daga 1987 zuwa 2003, ya sauya koci fiye da sau 20. A 2000 ta faɗo daga La Liga, ta yi kaka biyu a rukuni na biyu. Bashi ya yi mata katutu, duk ɗan wasan da ya yi fice sai a sayar. A 2011 kaɗai Aguero da De Gea da Forlan suka tafi. Abin da ya fi wannan muni shi ne su kansu magoya baya sun riga sun yarda cewa ƙungiyarsu mai rashin sa'a ce, ana cin su sai su ce dama mun sani. A watan Disambar 2011 Albacete, wadda ke rukuni na uku, ta fitar da su daga Copa del Rey, wato gasar kofin Sarkin Sifaniya, suna kuma na 10 a teburi. Sai aka kori Gregorio Manzano, aka kira Diego Simeone daga Ajantina, tsohon ɗan wasansu da ya ci La Liga da Copa del Rey tare da su a 1996.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Simeone bai zo da sababbin mutane ba. Yaran nan da Albacete ta kunyata, su ne a watan Mayun 2012 suka lallasa Athletic Bilbao da ci 3-0 suka ɗauki kofin Europa, a watan Agusta kuma suka yi wa Chelsea 4-1, Falcao ya zura uku shi kaɗai. Ƙafafun dai su ne, abin da ya sauya shi ne abin da ake jin kunyarsa a cikin ƙungiyar. A da ɗan gaba zai rasa ƙwallo ya tsaya ya riƙe ƙugu, babu mai ce masa uffan. Da zuwan Simeone wannan ya zama abin kunya, kuma abokan wasanka ne za su fara yi maka tsawa tun kafin koci ya buɗe baki. Ka tuna Arda Turan, mai gwaninta da son yanka, yadda ya koma yana bin ɗan wasan gefe har bakin ragarsu. Griezmann ma da ya zo daga Real Sociedad a 2014, da kuɗinsa da sunansa, sai da ya ɗanɗani benci kafin ya koyi tsare gida. Joao Felix da aka saya Yuro miliyan 126 a 2019 bai iya wannan rayuwa ba, aka rabu. Ƙa'idar ba ta lanƙwasa don tsadarsa ba.

Kuma Simeone bai yi aikin shi kaɗai ba. A lokacin akwai Oscar Ortega, mutumin Uruguay mai kula da ƙarfin jiki, wanda 'yan wasa ke shakkar atisayensa na kafin fara kaka. Akwai kyaftin Gabi, ɗan gida da ya taso a makarantar ƙungiyar. Gabi ba shi ne ya fi kowa iya ƙwallo ba, ko kusa, amma shi ne bakin koci a cikin fili, kuma ba ya umartar kowa da gudun da shi bai yi ba. Ni a ganina rabin nasarar Simeone tana wuyan mutumin nan. Koci yana tsaye ne a bakin layi, bai san abin da ake faɗa a ɗakin sauya kaya ko a cikin mota bayan an sha kashi ba. In babu wani a cikin yaran da ya ɗauki maganarka ta zama tasa, to da ka juya baya ta tashi a banza.

Wasan da ba na mantawa shi ne na ranar 17 ga Mayun 2014 da Barcelona a filinta na Camp Nou. Mun kalle shi a gidan kallo, an cika maƙil, yawanci 'yan Barcelona, fanka ɗaya tana ta juya zafi. Canjaras Atletico ke nema ta ɗauki kofi. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci Diego Costa ya fita da rauni, ya zauna a benci yana hawaye, Arda ma ya bi shi, ga Alexis Sanchez na Barcelona ya jefa musu wata ƙwallo kamar harsashi. Tsohuwar Atletico a nan za ta watse. Waɗannan kuwa suka dawo kamar su ne a gida, aka bugo kwana Godin ya sa kai, 1-1. Suka tsare har aka tashi, suka ɗauki La Liga karon farko cikin shekara 18, da maki 90, ƙwallo 26 kacal aka zura musu a wasa 38. Magoya bayan Barcelona da kansu suka tafa musu. Shekara guda kafin nan, ka fi ni sani, sun shigo har filinku na Bernabeu sun ɗauke Copa del Rey da ci 2-1, bayan shekara 14 ba su yi nasara a kanku ba.

Na san abin da za ka ce: ina wasan ƙarshe na Lisbon a 2014, ina ƙwallon da Ramos ya ci da kai a minti na 93, ina fenaritin Milan a 2016? Gaskiya ne, kun hana su kofin Zakarun Turai sau biyu. Amma ka duba abin da hukumar ƙungiyar ta yi bayan nan. Ba ta kori Simeone ba. Ƙungiyar da ta saba sauya koci kafin a gama koyon sunansa ta riƙe mutum ɗaya fiye da shekara 10, ya sake kawo Europa a 2018 da La Liga a 2021. Da 'yan wasa sun san cewa in suka yi masa yajin ƙafa wata biyu za a sallame shi, da babu wanda zai bi ƙa'idarsa. Wasu na ƙorafin ƙwallonsa ba ta da daɗin kallo, wani lokaci ni ma nakan gaji da ita, amma wannan wata magana ce daban.

Saboda haka kafin ka taɓa ko yaro ɗaya, ka fara zama da dattawan da suka ba ka riƙon nan. Ka faɗa musu ƙarara cewa akwai ranar da za ka ajiye gwaninku a benci saboda bai zo atisaye ba, wataƙila ma a ci ku a ranar, kana so ka ji ko za su tsaya maka. In sun amsa, sai ka tara yaran ka sa ƙa'ida biyu ko uku kawai, waɗanda kai ma za ka iya kiyayewa. In ka ce ƙarfe huɗu, su zo su tarar da kai a fili. Ka haramta zancen alƙalin wasa bayan an tashi, ko da an zalunce ku, a yi maganar abin da ku kuka kasa yi. Sannan ka sa ido ka gano Gabinka. Yana nan cikinsu, galibi shi ne wanda ke tattara ƙwallaye da mazugai bayan kowa ya watse. Kada kuma ka yi musu alkawarin kofi. Simeone kullum maganarsa wasa bayan wasa ce, kai ma wasan Asabar mai zuwa ya ishe ku tunani.

Ka rubuto mini yadda kuka yi da dattawan, da kuma shekarun yaran, don in ƙanana ne sosai akwai abin da zan sassauta a cikin shawarar nan. Rigunan da ka ce a tambayo maka kuɗinsu, zan shiga kasuwa cikin makon nan in sha Allahu in sanar da kai. Ka gaida uwargida da yara, mutanen majalisa duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.