Awa 24 ba izinin zama a gida ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga a shafin lafiya game da aikin zaro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, kuma na yaba da ƙoƙarinku. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai, inda kuka ce yanzu likitoci suna da awa 24 su yi aikin. Ba ƙarya kuka yi ba. Amma na daɗe ina aikin jinya kafin in ajiye, na san kunnen mai jinya da son sauƙi. Wani zai karanta ya ce ashe babu gaggawa, a bar tsoho ya huta, gobe da safe a kai shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mafi yawan shanyewar ɓarin jiki toshewar jijiya ce ke kawo ta, ba fashewa ba. Mafi munin toshewar kuwa ita ce wadda gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Akwai allurar narkar da gudan jini, alteplase, wadda Amurka ta amince da ita a 1996 a kan sharaɗin a yi ta cikin awa uku, aka ƙara wa'adin zuwa awa huɗu da rabi bayan wani bincike na Turai a 2008. Sai dai babban guda sau da yawa yana gagarar allurar. Nan ne aikin bututu yake shigowa. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, yana bin tafiyarsa a allon hoto har ya kai inda gudan ya maƙale, sai ya tsotso shi ko ya sarƙe shi da 'yar ragar waya ya janyo. Ba a fasa kai.

Aikin bai samu karɓuwa a sauƙaƙe ba. A 2013 bincike uku suka fito babu wanda ya nuna ya fi allura. Sai binciken MR CLEAN na ƙasar Holan, mai marasa lafiya 500 da aka yi wa magani cikin awa shida, ya juya lissafin: bayan wata uku, kusan 33 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna iya kula da kansu, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa 19 ne. Wasu huɗu suka biyo baya a 2015 da sakamako mai goyon bayansa. Batun awa 24 ya fito ne a farkon 2018, daga binciken DAWN mai mutum 206, inda 49 cikin 100 suka koma iya kula da kansu, 13 kacal a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Takwaransa DEFUSE 3 ya tsaya a awa 16.

Ga abin da rahotonku ya tsallake. Masu wannan bincike ba kowa suka ɗauka ba, tacewa suka yi. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT ko MRI an ga cewa wurin da ya riga ya mutu kaɗan ne, wurin da ke galabaice amma da sauran rai kuwa yana da faɗi. A ɗauka lambu ne aka toshe wa babbar hanyar ruwa. Shukar da ke tsakiya ita ke fara bushewa, ta gefe kuma tana lallaɓawa da ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga kwalbatin maƙwabta. Haka ƙwaƙwalwa take da ƙananan jijiyoyin da ke zagayowa da jini ta bayan fage. Wani Allah ya ba shi masu ƙarfi, su riƙe shi har kwana. Wani nasa raunana ne, kafin awa uku an gama ɓarna. Babu wanda zai kalli fuskar mara lafiya a kan gado ya ce wannan cikin masu juriya yake. Likita ma sai da hoto. Saboda haka awa 24 ɗin rabon wasu ne, kuma ba a sanin su waye sai an isa asibiti.

Ko ga masu juriyar, jira hasara ce. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ana rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. Da aka haɗa sakamakon binciken nan biyar a 2016, an ga kowace awa ta jinkiri tana rage damar mutum ya koma kan ƙafafunsa. Gaskiya ne bincike na 2022 da 2023 a Japan, China, Amurka da Turai sun nuna aikin yana amfanar har wanda ɓarnar ta yi faɗi, amma dubi alƙaluman ɗaya daga cikinsu, binciken SELECT2: 20 cikin 100 suka koma iya kula da kansu. Ya fi 7 na waɗanda ba a yi wa ba, amma ina 20, ina 49? A bari ya huce, in ji masu iya magana, shi ke kawo rabon wani.

Akwai kuma batun inda ake fara ƙirga, wanda nan ne na fi ganin 'yan'uwa suna ruɗewa. Ba daga lokacin da aka tsinci mutum a ƙasa ake ƙirgawa ba, daga lokacin ƙarshe da wani ya gan shi lafiya lau ne. Wanda ya kwanta ƙarfe goma na dare da ƙafarsa, aka same shi ƙarfe shida na safe baki ya karkace, a wurin likita awa takwas sun tafi tun ba a nemi mota ba. Sau da yawa ka tambaya a ce maka “yanzun nan ne”, sai ka bi diddigi ka tarar tun jiya ake jin maganarsa tana sarƙewa. Ban zargi kowa ba, tashin hankali ne. Amma wanda zai raka mara lafiya ya zama wanda ya san lokacin, ya kuma riƙo magungunan da yake sha, musamman masu tsinka jini.

Sannan ba kowane asibiti ke da na'ura da ƙwararrun wannan aiki ba. Awannin da ake ganin suna da yawa, a hanya suke ƙarewa: daga ƙaramin asibiti zuwa babba, jiran hoto, kiran likitan da zai yi aikin. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye, ko da alamun sun lafa. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, don haɗiya takan lalace ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, don idan fashewar jijiya ce, ƙara zubar jinin zai yi.

Roƙona, Malam Edita, ku sake taɓo batun a fitowa ta gaba, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa masu karatu bayani da bakinsa. Idan za ku sake rubuta awa 24, ku rubuta sharaɗin hoton a jimla ɗaya da ita, kada ku kai shi ƙasan shafi inda ba kowa ke isa ba.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya