Yaron da ya fi kowa ihu a katun ɗin nan shi ya fi kowa tsoro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da na san manya da yawa za su ce ai shirmen yara ne, wato katun ɗin Japan ɗin nan da yaranmu suke kallo a waya, su suna ce masa anime.

Ni sana'ata cajin waya da turi, ina da ɗan shago a bakin layinmu da benci biyu a waje. Da can in yaro ya kawo memori to fassarar Indiya yake so ko siris ɗin Hausa, amma 'yan shekarun nan yara 'yan sha biyu zuwa sha bakwai sun karkata ga katun, kuma cikin waɗanda suka fi damuna da tambaya akwai My Hero Academia. Na daɗe ina tura musu ban taɓa buɗewa ba, sai ran nan na ce a raina kai, bai kamata ina karɓar kuɗin 'ya'yan mutane a kan abin da ban san me ke cikinsa ba, sai na fara kallo da daddare in na rufe shago, kashi biyu kashi uku, har na cinye zango shida.

Wani ɗan Japan mai suna Kohei Horikoshi ne ya ƙirƙiri labarin, tun 2014 yake zana shi a mujallar Weekly Shonen Jump har ya kammala a 2024, a 2016 kuma kamfanin Bones ya mai da shi katun na talabijin. A duniyar labarin kusan mutum 80 cikin 100 suna da wata baiwa da aka haife su da ita, wani wuta, wani ƙanƙara, wani ya tashi sama, kuma ba abin da yaro yake buri kamar ya zama jarumi mai ceton jama'a. Izuku Midoriya yana ɗan shekara 4 likita ya faɗa a gabansa da uwarsa cewa shi ba shi da komai. Ɗan unguwarsu kuma abokin wasansa Katsuki Bakugo, shi gumin tafin hannunsa ne yake fashewa kamar nakiya.

Tun daga nan Bakugo ya sa shi a gaba. Ya laƙaba masa suna Deku, wai marar amfani wanda ba ya iya komai, sunan ya bi shi har makaranta. A kashi na farko ma, suna ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, malaminsu ya faɗa a gaban aji cewa Midoriya ma yana neman shiga U.A., makarantar jarumai da kowa ke rububi, aji ya kwashe da dariya, Bakugo ya daki teburinsa da wuta, da aka tashi kuma ya fizge littafin da yaron yake rubuta bayanan jarumai a ciki ya babbaka ya wurga ta taga, sannan ya faɗa masa maganar da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, wai in baiwa yake so ya hau saman benen makaranta ya faɗo ko a dace a wata rayuwar. Ɗan sha huɗu ne fa yake gaya wa ɗan uwansa haka. Shi kuma malamin da ya buɗe ƙofar wulaƙancin ban ga ya taɓuka komai a kai ba.

Abin da ya ɗaure min kai da farko shi ne, me ya yi zafi? Kai ne gwani a aji, kai ne mai ƙarfi, yaran unguwa suna binka kamar jela, to me ya haɗa ka da wanda ka ce ba komai ba ne? Wanda ka raina da gaske ai ko kallo bai ishe ka ba. Ashe amsar tana can baya, suna 'yan ƙanana sun shiga daji wasa, Bakugo ne a gaba, suna tsallaka rafi a kan gungumen itace sai santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa. Ruwan ba wani mai zurfi ba ne, sauran yaran suna sama suna cewa ai shi ba abin da zai same shi, shi ma ya ɗago kamar ba komai, sai ga Deku ya gangaro har cikin ruwan ya miƙa masa hannu yana tambaya lafiya dai, zai iya tashi? Malam Edita da ka ga yadda fuskar yaron nan ta canza. Kowa ya yarda shi ba ya faɗuwa, sai wannan da ya fi rainawa ne ya gan shi a matsayin yaro da zai iya jin ciwo, hannun nan da aka miƙa masa shi ya kasa yafewa sama da shekara goma. Tabarmar kunya kenan, da hauka ya yi ta naɗe ta.

Kuma ba shi ya gina kansa haka ba. Tun yana naziri malamai ke ce masa kai wannan baiwa taka, lallai jarumi za ka zama, ya taso ya ɗauka darajarsa gaba ɗaya ita ce ya fi kowa, to ran da wani ya kamo shi fa, me ya rage masa? Bayan da mugaye suka sace shi aka ƙwato shi, malamansa sun je gidansu, uwarsa da bakinta ta ce komai ya taɓa yana iyawa, mutane suka yi ta zuga shi a kan abin da bai taka kara ya karya ba har kansa ya kumbura. Amma ita ɗin ma a wannan zaman tana dukan ƙeyarsa tana cewa ai rauninsa ne ya sa aka kama shi ya jawo wa kowa wahala. Rauni, kalmar da ya fi tsoro a duniya, kuma daga bakin mahaifiya ya ji ta.

Abin da ya sa na rubuto muku ba katun ɗin ne kawai ba. Akwai yara biyu da suke zama a bencina bayan la'asar, ba zan kama suna ba. Ɗaya ƙato ne ya kai sha shida, gwanin ƙwallo, in ana raba tim shi ake fara ɗauka, ɗayan ɗan siriri ne bai fi sha uku ba, yana da 'yar i'ina. Katun ɗin da Japananci yake, fassarar Turanci ce take gudu a ƙasa, to ɗan ƙaramin nan shi yake karanta wa sauran yana mayar musu da Hausa, su biyar su shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya ana ta "me ya ce, me ya ce?" Shi kuma ƙaton da zarar yaron ya sarƙe a kan kalma sai ya kwaikwayi i'inar, a kwashe da dariya, ya ranƙwashe shi a ka, shi ya sa masa Deku har yaran da ba su taɓa ganin katun ɗin ba yanzu haka suke kiransa, shi kuwa ya ɗauki Bakugo, har a bayan rigar ƙwallonsa ya rubuta da maka.

Ran nan ƙaton ya zo da safe shi kaɗai karɓar wayar yayansa, hannuna da aiki, sai na tura masa littafin da nake rubuta masu caji na ce duba sunan yayanka ka gaya min lambar. Ya riƙe littafin ya daɗe, yatsansa yana yawo sama da ƙasa a shafin, gumi ya tsattsafo masa a hanci, can sai ya turo min da ƙarfi yana tsawa wai rubutuna ne ba ya karantuwa. Manyan baƙaƙe na rubuta Malam Edita. Yaron nan yana aji uku na ƙaramar sakandare bai iya haɗa baƙi ba, kuma kullum da yamma dole ya zauna yana jiran wanda ya girme wa da shekara uku ya gaya masa abin da ake faɗa a waya, a gaban yaran da suke masa kallon oga. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma na ji ciwon duk ranakun da aka yi dariyar nan a ƙofar shagona na ce yara ne, wasa suke.

Ban ce tausayi ya wanke shi ba fa. Wanda ake ranƙwashi shi ya san zafin, ɗan ƙaramin nan ya taɓa yin sati guda bai leƙo layin ba, da na tambayi ƙanwarsa ta ce yana ɗaki ya ce kansa ke ciwo. Su Japanawa suna da sunan wannan cuta, ijime, kuma ba a katun kawai take ba, a 2011 wani ɗalibi ɗan shekara 13 a birnin Otsu ya kashe kansa bayan cin zalin 'yan ajinsu, abin ya girgiza ƙasar har a 2013 suka yi dokar da ta ɗora wa makarantu alhakin bincike da ɗaukar mataki. Mu kuwa in yaro ya kawo ƙara sai mu ce kai ma ka rama mana, ko ai haka ake zama namiji, wanda ya yi makarantar kwana ya san abin da siniyoyi ke yi da sunan horo.

Abin takaicin shi ne labarin kansa ya fallasa Bakugo amma yaranmu ba sa kaiwa wajen, faɗa suke so, in an zo magana sai su tura gaba, a TikTok ma guntayen fashe-fashen ake yankowa a ɗora kiɗa. A zango na 3 akwai daren da ya ja Deku waje suka gwabza, a tsakiyar faɗan murya ta karye masa yana tambaya me ya sa Deku da yake bayansa ya zama zaɓaɓɓen da gwaninsu All Might, babban jarumin ƙasar, ya gadar wa baiwarsa, shi kuma ya zama silar da ƙarfin All Might ya ƙare wajen ceto shi, ashe tun ranar yake ɗauke da abin a ciki bai gaya wa kowa ba, har All Might ya fito ya ba shi haƙuri cewa ya manta shi ma yaro ne. Sai a zango na 6, a 2023, cikin ruwan sama a gaban 'yan ajinsu ya sunkuyar da kai ya kira shi da sunansa na yanka Izuku, ya amsa cewa kullum ji yake yaron yana can gabansa da nisa, ya kasa jure wannan, shi ya sa ya yi ta cin zalinsa don ya nisanta shi, sannan ya nemi gafara. Ni a ganina an makara, kuma marubucin ya yi masa sauƙi da yawa, maganar bene ba abar da za ta wuce ba hukunci ba ce, haka kuma ba kowane yaro ne ke da zuciyar Deku da za a taka shi shekara goma ya fito lafiya ba.

Wannan kashin na sa musu a kwamfutar shago ranar Juma'a da yamma, na ce yau ni zan fassara kowa ya zauna. Da aka zo wajen ba da haƙurin tsit aka yi, ƙaton yana ta murza silifas ɗinsa a ƙasa, bai jira ƙarshe ba ya tashi ya ce an aike shi. Washegari ya dawo, har yanzu Deku yake ce wa yaron, amma na kafa doka ba kwaikwayon i'ina ba ranƙwashi a bencina, wanda ya yi ba turi ba caji. Na kuma samu yayansa a keɓe mun yi maganar a sa shi lesin da daddare inda abokansa ba za su gani ba, ya ce zai shawarci babansu.

Roƙona gare ku, ku turo wakilinku ya zaga shagunan turi a Kano ko Zariya ko Katsina ya ji abin da yara suke ɗauka a memori, ku riƙa ɗan ware shafi kuna bayanin labaran nan da Hausa, don iyaye da malamai su san wane ne wannan Bakugo da yaro ya rubuta a bayan rigarsa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai karanta jaridarku,
wani mai shagon caji da turi, Kano