Ba Fari Kaɗai Ke Damun Tafkin Chadi Ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku kan Tafkin Chadi, inda baƙinku suka ɗora wa sauyin yanayi laifin kacokan. Ban musa musu ba. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, sai farin 1973 da na 1984 suka tsotse mafi yawansa. Amma sun tsallake inda gizo ke saƙa.

Ruwa yana tafiya, iyakar ƙasa kuwa tana nan inda Turawa suka shata ta. Da tafkin ya ja baya, masuntanmu da manoman da ke shuka wake da masara a gurbin da ruwa ya bari suka bi shi, har suka kafa ƙauyuka a yankin Darak. Su dai abinci suke nema. Gwamnatoci suka ga mamaya, magana tsakanin Najeriya da Kamaru ta kai Kotun Duniya, wadda a watan Oktoba 2002 ta ce Darak ta Kamaru ce. Kafin wannan ma, a 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza kan tsibiran da suka ɓullo bayan ruwa ya janye.

Mu ma da namu hannu a ciki. Madatsun Tiga da Challawa sun rage abin da ke gangarowa ta Hadeja da Nguru zuwa Komadugu Yobe. Duk mai noman fadama a nan ya sani, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Tun 1964 aka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A taron Abuja na 2018 an sake yi mana romon baka da batun janyo ruwa daga kogin Kongo, alhali ba a shawo kan masu kogin ba, kuma har yau ba a haƙa ko taki ɗaya ba. Yanzu ga Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwar da ke yaƙar Boko Haram a tafkin.

Roƙona, ku gayyato jami'an hukumar ku tambaye su: wace yarjejeniya ce ke kare masunci ko makiyayin da ruwa ya tsallakar da shi iyaka? Ku haɗa da masuntan Baga a shirin.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Gashuwa, Jihar Yobe