Shirin bayan BAC ba ranar fitar sakamako ake fara shi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyayen yara da shugabannin lise-lise na jihar Damagaram. Kowace shekara idan sakamakon BAC, jarrabawar kammala lise, ya fito ana yin guɗa, ana kai barka, sai bayan kwana biyu a tambayi yaro abin da zai karanta, ya ce duk abin da aka ba shi. Alhali zaɓin da ya fi nauyi an riga an yi shi shekara 3 baya, ba tare da kowa ya zauna da shi ba.

Bayan birebe, jarrabawar kammala kolaj, ake raba yara zuwa ajin farko na lise, sagwan A ko sagwan C. Daga C ne ake wucewa seri C ko D, hanyar lissafi da kimiyya, ita kuwa A hanyar adabi ce da harsuna da tarihi da falsafa. Yara da yawa tsoron lissafi kawai ke kai su A, a zuciyarsu kuma likita suke son zama ko injiniya. Da BAC A, ƙofar tsangayar kiwon lafiya da ta kimiyya a rufe take, komai yawan makin yaro. A ɗin ba ta da aibu ga mai son shari'a, aikin jarida ko koyarwa, amma ya shige ta da saninsa. Yaron da hankalinsa ke kan wutar lantarki ko injuna kuwa, a tuna akwai lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Na biyu, darussa ba nauyinsu ɗaya ba a jarrabawa. Kowanne da adadin da ake ninka makinsa. Idan ana ninka darasi sau 5, ƙarin maki 2 a cikinsa ya zama 10 a jimla. Ɗan D da ya ƙare dare yana hardar tarihi ya bar kimiyyar halittu da lissafi da fizik, ya yi noma a gonar da ba tasa ba. Kuma 10 cikin 20 cin jarrabawa ne kawai. Daraja tana farawa daga 12, sai 14, sai 16, kuma hukumar ANAB mai ba da burs tana duba maki da shekarun ɗalibi. Saboda haka maimaita aji yana da tsadar da ba a gani sai an zo neman burs.

Jami'o'in gwamnati ma kowace da inda ta fi ƙarfi. A nan gida Jami'ar André Salifou tana da adabi, kimiyya, kiwon lafiya da IUT mai koyar da aiki kai tsaye. Maraɗi tana da noma da injiniyanci, Tawa shari'a da tattalin arziki, Yamai kuma Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar ma'adinai ta EMIG. Lisans shekara 3 ce, masta ƙarin 2, likitanci kuwa shekara 7 ko fiye, don haka gidan da ke jiran albashin yaro da wuri ya yi lissafinsa tun yanzu. Iyayen da ba sa son ƴa mace ta yi nisa, su sani jami'a da makarantar kiwon lafiya ta ENSP da makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed duk suna cikin garin nan. Nisa ba hujjar ajiye ta a gida ba ce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takardu. Dosiye na jami'a ko na konkur, wato jarrabawar gasar neman gurbi, yakan nemi takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar cin BAC, takardar maki, hotuna, wani lokaci da kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum. Takardar zama ɗan ƙasa a kotu ake yin ta, kuma ana neman takardar haihuwar uba ko uwa, wadda a ƙauyuka da yawa babu ita, sai an fara yin hukuncin kotu da ke maye gurbinta. Wannan aikin makonni ne, a yi shi tun yaro yana faramiyar, aji na biyu na lise. Kaziye kuwa akasin haka ne: ana karɓar wanda bai wuce wata 3 ba, kar a yi gaggawar ciro shi. Sannan a jera takardar haihuwa da ta birebe da katin makaranta a duba harafi bayan harafi. Mahamadou a nan, Mamadou a can, ko ranar haihuwa ta bambanta, ya isa a maido dosiye ranar da ake rufewa. Gyaran suna kafin a rubuta yaro a jerin masu BAC ya fi sauƙi nesa da gyara shi a kan shaidar da ta riga ta fito. A yi kwafi aƙalla 5 na kowace takarda, a kai meri a buga musu hatimi, asalin kuma kar ya bar gida.

Masu zuwa makarantun kuɗi su tambayi abu biyu kafin su biya ko dala: shin gwamnati ta ba da izinin wannan fannin kansa, ba makarantar kawai ba, kuma takardar ƙarshe ta gwamnati ce, kamar BTS na ƙasa, ko ta makarantar ce ita kaɗai? Masu nufin Kano ko Katsina kuma su sani da Turancin Ingilishi ake karatu, kuma idan sun dawo sai an tantance takardar kafin a shiga konkur da ita.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye shi ne a ware zama ɗaya kowane zangon karatu, a kolaj ga ƴan ajin birebe, a lise ga ƴan faramiyar da tarminal, tare da iyayensu. A gayyato malamin jami'a, ma'aikaciyar jinya, wani daga matatar SORAZ, da magatakardar kotu ya yi bayanin takardu. Zaman farko ya kasance kafin a rufe rajistar jarrabawa, kowane yaro ya zo da takardar haihuwarsa a hannu.

Wassalam.
Daga wasu malaman lise, Damagaram.