Wasiƙar godiya ga masu gyaran ƙafar mota na hanyar Jos, Bauchi

Zuwa ga Maigida da yaransa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Na rubuto wannan takarda a fili ne, inda kowa zai gani, domin godiyar da na yi muku a bakin gareji ba ta ishe ni ba. Maigida ya roƙe ni kada in sa sunansa, wai shi ba ya son talla. Na bi maganarsa. Amma direbobin Bauchi sun san garejin nan mai dogonyaro biyu a ƙofa, inda ba a taɓa inji, ba a taɓa waya, ƙafar mota kawai ake gyarawa.

Ga masu karatu da ba su san ni ba, ni likitan dabbobi ne. Na yi ritaya daga aikin gwamnati, sai dai shanu ba su san ritaya ba. Makiyaya suna kirana daga Alkaleri, Kirfi, Darazo, wani lokaci har Dukku a jihar Gombe, kuma aikin rigakafi ba na yini ɗaya ba ne. Shi ya sa na sayi mota mai ɗaki a cikinta, gwanjo daga Jamus: akwai gado a saman kan direba, akwai ɗan madafi, banɗaki, tankin ruwa, da firjin da nake ajiye alluran da ake kawo mini daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Fiat Ducato ce, samfurin da aka fara fitarwa a 2006. Wanda ya san J5 mai jigilar tumatir da tattasai ya san kakarta, domin J5 da Ducato ta farko mota ɗaya ce da aka fito da ita a 1981, kowace da tambarinta. Har yau Ducato da Peugeot Boxer da Citroën Jumper 'yan gida ɗaya ne. Maigida bai jira na faɗa masa haka ba, yana leƙa ƙarƙashinta ya ce ai wannan Boxer ce da ta canza riga.

Damuwata ita ce gaban motar ya zauna. In ka hango ta daga nesa hancinta a sunkuye yake. Ko ƙaramin rami na faɗa, ko tudun rage gudu na cikin gari, sai in ji "gau!" har cikin haƙorana, kwalaben magani suna kaɗawa a firji. Wani mai gyara a wani gari ya taɓa yanko guntayen tsohuwar taya ya cusa a tsakanin naɗin sifirin, ya karɓi kuɗinsa. Motar ta ɗan ɗago, ƙarar ta ƙaru, kafin wata ya zagayo guntu ɗaya ya faɗi a hanya. Wani kuma ya ce in nemo sifirin babbar mota a datse shi da wuta ya shiga. Da na zo wurinku, abin da na roƙa shi ne a samo mini sifirin gaba mafi ƙarfi da ke kasuwa.

Maigida, amsar da kuka ba ni ita ce dalilin wannan wasiƙa. Kuka ce, "Likita, ba na sayar da ƙarfi sai na san nauyi. Je ka loda ta kamar za ka ruga, sannan mu je sikeli."

Haka aka yi. Na cika tankin gas, na cika na ruwa, na sa tukunyar girki, akwatin kayan aiki, buhun shinkafa, yaron da ke riƙe mini shanu ya zauna a kujerarsa. Muka je wani sikelin manyan motoci. Aka hau da tayoyin gaba kaɗai aka rubuta, aka hau da motar gaba ɗaya aka rubuta, sannan tayoyin baya. Daga nan kuka buɗe bonet kuka goge wani ɗan farantin ƙarfe da tsumma, wanda tun da na sayi motar ban taɓa kula da shi ba. Lambobi huɗu ne a jere. Na farko nauyin da motar duka za ta iya kaiwa, kilo 3,500. Na biyu nauyinta haɗe da tirela in an ja. Sai mai lamba 1 a gefe, iyakar gaba, kilo 1,850, da mai lamba 2, iyakar baya, kilo 2,000. Takardar sikeli ta nuna jimillar ba ta wuce ba, baya yana da sauran wuri, amma gaba kaɗan ya rage ya taɓa iyaka.

A nan kuka faɗa mini abin da mai son ciniki ba zai faɗa ba: sifirin mai ƙarfi zai ɗaga mota, amma ba zai canza lambar da ke kan farantin nan ba. Boris ɗin ƙafa, birki, bolojoyin da taya duk don wannan nauyin aka yi su. Kuka nuna mini rubutun jikin tayata, 109, kuka ce ma'anarsa kowace taya kilo 1,030 take ɗauka, biyu kuwa 2,060, don haka ko da an sa sifirin jirgin ƙasa, taya tana da nata haddin. Kafin a yi maganar sayen komai sai da aka rage wa gaba kaya. Aka cire wani katon ƙarfen kariya da na sa aka walda a gaban motar saboda shanu. Manyan batura biyu na sola da ke kusa da kujerun gaba aka mayar da su tsakiyar ɗaki, dab da tayoyin baya. Na ce me zai hana a kai su can ƙarshen mota gaba ɗaya? Kuka ce a'a, kayan da aka tara bayan tayoyin baya suna ɗaga gaba, ita kuwa wannan mota da tayoyin gaba take ja, in gaban ya yi sakayau za ta riƙa sulɓi a hawa da cikin laka. Wanda ya taɓa fita daga ruga bayan ruwan watan Agusta ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani bayanin da ya zauna mini shi ne dalilin da ya sa irin waɗannan motoci suke saurin zama. Motar haya tana kai kaya ta dawo wayam, sifirinta ya huta. Mota mai ɗaki kuwa ba ta taɓa sauke kayanta. Katako, gado, firji da tankuna suna kanta dare da rana, ko tana tafiya ko tana ajiye, shekara da shekaru. Ga inji da giya a gaba, ga gadon da ke saman direba. Tun tana sabuwa a kusa da iyaka take rayuwa.

Sai aka koma gareji aka yi awo. A kan siminti mai daidai, babban yaronku ya ja tef daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi, dama da hagu, ya rubuta da alli a bango. Aka ɗaga motar, ya ja robar da ke rufe sandar shokazoba, ya haska mini da fitilar waya. Ita robar tsayawa da ke ciki, wadda aikinta ta tare ƙarfe kada ya daki ƙarfe, ta marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ashe motar a kanta take zaune, sifirin ba shi da sauran wurin motsi. Shokazoba ta hagu kuma ta jiƙe da mai.

Zaɓi uku kuka shimfiɗa mini, kuma ba ku ɓoye ra'ayinku ba. Na farko a sa sabon sifirin irin na asali, wanda shi ne mafi araha, amma da wannan nauyin zai sake zama. Na biyu a nemo na babbar Ducato mai taya inci 16, wadda gabanta ke ɗaukar kilo 2,100, tawa kuwa mai inci 15 ce. Kuka ce ba ku yarda a ɗauka da ka cewa zai zauna ba, sai an gwada faɗinsa da tsawonsa da mazauninsa, kuma wanda za a samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano gwanjo ne, ba wanda ya san wahalar da ya sha kafin ya iso. Na uku shi ne sifirin da kamfanoni irin su Goldschmitt na Jamus suke yi musamman don motoci masu ɗaki, wanda ake zaɓa bisa samfurin mota da nauyin gabanta. Shi kuka fi so, kuma ba mafi tauri a cikinsu ba, wanda ya dace da takardar sikelina.

Na ɗan yi gardama a nan, domin a ganina hanyoyinmu sun fi na Turai muni, ya kamata a ƙara. Kuka ɗauko ma'aunin kauri kuka auna ƙarfen tsohon sifirin, kuka ce abin da ido ke gani kaɗan, a ƙafa mai yawa ne. Ɗana da ya karanta injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya tabbatar mini da lissafin daga baya: idan kaurin ƙarfen ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, faɗi da yawan naɗi ba su canza ba, taurin yana ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. Shi da biro ya sani, ku da hannu. Sifirin da ya fi ƙarfin nauyinsa ba ya lanƙwasa, sai motar ta riƙa tsalle a gargada, taya tana barin ƙasa, birki da sitiyari su rasa abin kamawa, kusoshin kabad ɗin ciki su kwance. Wanda ya yi tsawo da yawa kuma yana karkatar da shaf ɗin da ke juya taya, robarsa ta yage, ƙura ta shiga, a koma sayen wani abin. Datsewa da wuta kuwa, kuka ce a garejinku ba a yi, domin zafi yana kashe ƙarfen.

Da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 aka yi oda, ta hannun wani ɗan'uwana da ke fatauci. An jira, ba ƙarya, kuma kuɗin ya ciji aljihu. A tsakanin nan ba ku bar ni haka ba, kun cire guntayen tayar nan, kuka ce in rage gudu in rage ruwan tanki har kaya su iso.

Ranar ɗaurawa na zauna na kalla. Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar matse sifirin. Na sha ganin ana ɗaure shi da igiya ko waya, mutum biyu suna dannawa da ƙafa, alhali in ya kuɓuce yana iya fasa kan mutum. Ku kun matse shi da ƙarfe a ɓangare biyu, kuka kori ƙananan yara daga gabansa. An canza dama da hagu tare. An sa sababbin shokazoba, domin tsohuwa ba za ta iya riƙe sabon sifirin ba, an sa sabuwar robar tsayawa da boris ɗin sama da ke juyawa da sitiyari. Notocin bushin ba a ƙarasa ɗaure su ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafarta. Daga nan yaronku ya raka ni wurin alaimen, da magariba kuma aka fuskantar da ita bango aka saita fitilu, tunda gaba ya ɗago kada in riƙa kashe wa masu tahowa ido. Tsofaffin kayan duka aka zuba mini a buhu, aka rubuta rasit, kuma kuɗin aikin da aka faɗa tun farko shi aka karɓa.

Ba zan rufe ba tare da ɗan ƙorafi ba, tunda mun zama 'yan'uwa. Bencin da baƙi ke zama a kai ya gaji, ƙusa ta kama mini babbar riga. Wayar Maigida kuma sai an kira an sake kira. Na san hannu yana cikin giris, amma a ba wa yaro ɗaya ya riƙa ɗauka.

Tun daga lokacin na bi hanyar Gombe, na ratse ta Dindima na nufi wajen Yankari, na shiga hanyoyin ƙasa da ba su da suna. Ramukan suna nan yadda na san su, amma dukan nan ya tafi. Motar ta daina sunkuyawa in na taka birki, ta rage tangaɗi in tirela ta gifta ni, ruwan kwanon wanke-wanke ma ya daina taruwa a gefe ɗaya in na tsaya. Ta ɗan ƙara tauri in tankuna ba kowa, kuma kun riga kun faɗa mini hakan zai faru. Na dawo kamar yadda kuka ce don a sake awo bayan sifirin ya zauna, aka gwada da abin da ke rubuce a bango, dama da hagu suka zo daidai, ba ku karɓi ko sisi ba.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku da idanunku. Yaran nan da kuke koya wa awo kafin su ɗauki sifana, Allah ya sa su gaje ku. In damina ta wuce zan kawo ta a duba sifirin baya, akwai falle ɗaya da nake zargi. A gaida mutanen gida.

Naku,
Likitan dabbobi mai mota mai ɗaki,
Bauchi.