Kafin a kai tsoho ƙaramin gidan kulawa, a ziyarci gidan da yamma

Assalamu alaikum, Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana kan ƙananan gidajen kula da tsofaffi, wato gidan zama da ake tsugunar da tsofaffi shida zuwa goma waɗanda wanka da cin abinci da shan magani suka fi ƙarfinsu, musamman masu cutar mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan cuta sun haura miliyan 55, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Magunguna irin su donepezil da memantine suna sassauta alamun na ɗan lokaci, amma ba sa warkarwa. Abin da ya rage shi ne kulawa, ita kuwa ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi.

Mai mantuwa ba ya iya riƙe sabuwar fuska. In yau wannan ce ta yi masa wanka, gobe wata, to kullum baƙuwa ce ke cire masa tufafi, dole ya tsorata ya kai duka. Wannan ne ya sa gidajen Green House da aka fara a garin Tupelo na Amurka a 2003, da ƙauyen Hogeweyk da aka buɗe a Holan a 2009, suka raba tsofaffi gida-gida, kowane gida da ma'aikatansa na dindindin. Sai dai ƙanƙantar gida kaɗai ba ta kawo wannan alheri. Gidan da ma'aikatansa ke barin aiki duk bayan wata biyu ya rasa abin da aka kafa shi dominsa, don haka tambayar farko ita ce: shekara nawa kowace ma'aikaciya ta yi a nan?

Kada dangi su je dubiya da hantsi kawai, lokacin da an yi shara an yi wa kowa wanka. A je tsakanin ƙarfe huɗu zuwa bakwai na yamma. Da rana ta fara faɗuwa masu mantuwa da yawa kan rikice, su yi ta kai-kawo, su tattara kaya suna cewa za su tafi gida. Gidan da ya san aikinsa zai kunna fitilu tun kafin duhu ya shigo, ya ja labule, ya kashe talabijin, a ba tsohuwa kaya ta naɗe ko a zagaya tsakar gida da ita. Ba a musu da ita, ba a ce mata mahaifiyar da take nema ta rasu tuntuni, domin duk lokacin da aka faɗa mata sabon makoki ne. Gidan da bai san aiki ba kuwa ƙwayar barci yake ɗurawa. In ka tarar kowa na gyangyaɗi a kujera da yammar fari, ka nemi ganin takardar magunguna. Diazepam na kawo jiri da faɗuwa, haloperidol da danginsa na magungunan taɓin hankali kuma suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa. Likita ne kaɗai zai rubuta su, na ɗan lokaci, bayan an gwada wasu hanyoyin.

Akwai kuskuren da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Mantuwa a hankali take ci gaba, cikin watanni da shekaru. Tsohon da ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya koma barci ba dare ba rana, ba tsufa ne ya ƙaru ba. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko kwanaki ya yi bai yi bayan gida ba, ko wani ciwo da ya kasa faɗa. Ranar ya kamata likita ya gan shi. Ba a gane irin wannan sai ana rubuta abin da ya ci, ruwan da ya sha da fitarsa bayan gida kullum. Ƙishirwa ba ta damun tsoho sosai, don haka miƙa masa ake yi, kofi shida zuwa takwas a yini, sai in likita ya rage saboda zuciya ko ƙoda.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi duk awa biyu, har cikin dare, ana duba dunduniya, kwatangwalo da ƙasan gadon baya. Jan tabon da bai dushe ba in an danna shi da yatsa, farkon gyambon kwanciya ne. Wajen ciyarwa a zaunar da shi a miƙe, loma ƙarama, a jira ya haɗiye, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Tari ko ƙwarewa a kan abinci alama ce cewa yana iya zarcewa huhu.

Duk wannan ba zai yiwu ba in babu ma'aikaci da ke farke da dare. Wanda ke kwana a ɗaki yana jiran a kira shi bai wadatar ba, domin a hanyar banɗaki cikin duhu ake yawan faɗuwa, karayar kwatangwalo kuma kan kwantar da tsoho har abada. A ganinmu da rana ma'aikaci ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum uku ko huɗu. A duba ƙarfen kamawa kusa da masai, ƙasa marar santsi, ƙofar da keken guragu zai wuce, da gangaren hawa da keken da ba ya tashi fiye da santimita ɗaya a kowace santimita 12. A cire baƙin kafet daga bakin ƙofa, don mai mantuwa kan ɗauka rami ne.

Sannan a nemi lasisin gidan, a kuma rubuta yarjejeniya tun ranar farko kan wanda za a kira in ciwo ya tashi da tsakar dare, asibitin da za a nufa, da matakin da gidan zai ce jinyar ta fi ƙarfinsa.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan jinyar tsofaffi