Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima kan hana fitar da kaɗanya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A watan Agustan 2025 da bakinka ka sanar da hana fitar da ƙwarar kaɗanya zuwa waje na tsawon wata shida. Hujjarku ita ce a nan ake tsinto ta, amma kamfanonin ƙetare ke kwashe ribar man, don haka a tatse shi a gida. Ba mai ƙin wannan buri. Sai dai daga aljihun wa aka biya kuɗinsa?

Daga na matan ƙauyukan Neja da Kwara da Kebbi. Su ne ke sammako a farkon damina suna laluben 'ya'yan kaɗanya cikin ciyawa mai macizai, su dafa, su shanya, su ɓare, sannan su kai kasuwa da kwano. Da aka kori masu saye na waje, farashi ya rikito cikin 'yan kwanaki, domin mai tayi ya yi ƙaranci, abin da ya ga dama shi zai bayar. Abin da aka zaftare wa mai tsinto, mai masana'anta ne ya ci shi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur, aka ce kasuwa ce za ta yanke farashi, talaka ya yi haƙuri. Ya yi. To don me kasuwar da ta halatta ranar da zai biya take haramta ranar da za a biya shi?

Arewa ta san wannan hanya. Hukumomin sayen amfanin gona na zamanin dalar gyaɗa sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya, wai ana tara masa rara, shi kuwa ya riƙa tsallaka iyaka da buhunsa ta ɓarauniyar hanya. Sai a 1986 aka rushe su, lokacin dalar ta daɗe da bajewa.

In ana son masana'antun man kaɗanya su tsaya da ƙafarsu, a ba su wuta da hanya, a kwashe shingayen da ake tatsar direbobi. Sannan su shiga kasuwa su yi tayi kamar kowa. Muna roƙon a janye wannan hani gaba ɗaya, a bar mai kaya ta sallama wa wanda ya fi tayi, ɗan gida ne ko baƙo.

Wassalam.